Gilashin VR ɗin nan, wai ina duniyar da aka ce za mu koma ciki?

Abban Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau da tambaya na zo kuma don Allah amsa nake so tsakani da Allah ba irin ta masu talla ba. Shekaranjiya ina neman takardar haihuwar Hanifa a durowa sai na ci karo da gilashin VR ɗin nan, wanda ake rufe ido da shi a ji kamar ana cikin wata duniya, da Yaya ya aiko min daga Jamus bara waccan, ya yi butu-butu da ƙura, na tsaya ina lissafi sai na ga rabon da in sa shi a fuska tun kafin azumin bara. Alhali satin da ya zo ko abinci ba na ci a kan lokaci, yaran maƙwabta layi suke yi a ƙofar gida, har Hajiyarmu sai da aka sa mata ta ga kifi na yawo a kanta ta dinga salati tana cewa a cire mata. To ni kaɗai ne na yar da nawa ko haka abin yake ko'ina? Don ban manta ba lokacin da Facebook ya canza suna ya koma Meta a 2021 cewa aka yi ofis da kasuwa da makaranta duk cikin gilashin nan za su koma.

Zee Kaduna:
Wa alaikumussalam. Yaya in ba ka so ka ba ni mana 😂

Injiniya Bash:
Abban Hanifa ba kai kaɗai ba ne wallahi, durowar duniya cike take da su. Bari in ɗan ja ku baya kaɗan. Wannan zagayen ya faro ne a 2012 lokacin da wani yaro Palmer Luckey a Kalifoniya, ko shekara 20 bai cika ba, ya nemi gudummawar dala dubu 250 a shafin neman gudummawa na Kickstarter don ya ƙera gilashin VR mai suna Oculus Rift, mutane suka tara masa kusan miliyan 2.4. Ko shekara biyu ba a yi ba, Maris 2014, Facebook ya saye kamfanin a kan kusan dala biliyan 2. Daga nan kowa ya ce ai shi ke nan an gano abin da zai gaji waya. 2016 aka kira ta shekarar VR, Rift ya fito a dala 599, HTC Vive 799, kuma duka biyun sai kana da kwamfuta mai ƙarfi wadda ita ma kuɗinta ya kai nasu ko ya fi, ga waya kamar igiyar guga tana bin ka a baya. Sony ne ya ɗan fi su dabara da PlayStation VR a 399 tunda mutane da ma suna da PS4 a gida, amma duba lissafin nan, zuwa farkon 2020 sun sayar da miliyan 5 ne a lokacin da PS4 ya haura miliyan 100. Wato cikin masu gem ashirin, waɗanda su ne ma aka yi abin dominsu, mutum ɗaya ne ya saya.

Malam Tanimu:
Injiniya ka fara labari daga tsakiya. Mu da muka ɗan kwana biyu mun san wannan ba shi ne karo na farko ba. Nintendo ya fitar da Virtual Boy a 1995, ja da baƙi kawai yake nunawa, mutane suka yi ta kukan ciwon kai, shekara na zagayowa aka daina yi, ko miliyan ɗaya ba a sayar ba. Kuma tun 1968 wani malamin jami'a Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan abu a Amurka, sai an rataye shi a silin ake amfani da shi. Abin da aka fi shekara hamsin ana cewa gobe zai zo, ni kam na daina shimfiɗa masa tabarma. Haka aka yi mana da talabijin mai 3D, yanzu waye yake maganarta?

Injiniya Bash:
Gaskiya ne Malam, ranka ya daɗe, na yarda na yanke. Amma kada mu haɗa Virtual Boy da na yanzu, tazarar tana da yawa. Quest 2 na kamfanin Facebook da ya fito Oktoba 2020 a dala 299 babu igiya babu kwamfuta, caji kawai za ka yi ka sa, kuma ya faɗo daidai lokacin kullen korona, ya sayu sosai. A farkon 2023 labari ya fita daga wani taron cikin gida na Meta cewa sun sayar da Quest kusan miliyan 20. Miliyan 20 ba wasa ba ce.

Malam Tanimu:
Sun sayar, na ji. Nawa ne ake sawa? Ga Abban Hanifa nan ai shi ma yana cikin lissafin wani kamfanin.

Injiniya Bash:
To nan kam ƙin gaskiya sai ɓata, a wannan taron ma shugaban sashen VR ɗinsu da kansa ya yi ƙorafin cewa sababbin masu saye ba sa manne wa abin kamar na farko. Kuma Horizon Worlds, wato garin da suka gina a cikin VR don a dinga haɗuwa a ciki, jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a Oktoba 2022 cewa masu shiga a wata ba su kai dubu 200 ba alhali burinsu dubu 500 ne. Kamfanin da ke da mutane biliyoyi a Facebook da WhatsApp fa.

Sadiq Gem:
Ai wannan ne Zuckerberg mai Facebook ya sa hotonsa na katun a gaban hasumiyar Eiffel duniya ta yi ta masa dariya, mutanen ciki ma ko ƙafafu ba su da su lokacin, daga ƙugu zuwa sama kawai kamar aljanu 🤣

Maman Sultan:
Ni fa ku bar maganar biliyoyin nan, bari in gaya muku abin da ido na ya gani. Baban Sultan ya sayo wa yara guda ɗaya da ya je Dubai, wai don su koyi kimiyya. Kimiyyar da na gani ita ce Sultan ya kai wa fanka naushi ya fasa yatsa, ƙaramar kuma ta yi amai a kan kafet. Amma duk ba wannan ne ya fi damu na ba. Yaro in yana danna waya ina ganin fuskarsa, ina iya leƙawa in ga me yake kallo, in na kira shi ya ɗago. Wannan kuwa yana tsakiyar falo amma ba ya gidan, a kira salla bai ji ba, baƙo ya yi sallama bai sani ba, kakarsa ta shigo ta zauna ta gama hira ta tafi yana can yana sara iska. Sai da na ɗauke na kulle a sif, kuma abin mamaki bayan sati biyu ba wanda ya ƙara tambaya. Waya kuwa ka ɗauke ta minti goma ka ga tashin hankali.

Abban Hanifa:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma ba wai abin ba shi da daɗi ba ne, a'a, sawar ce aiki. Sai ka duba akwai caji, sai ka ture kujeru, sai ka zana masa iyakar ɗaki, sai ya ce sai ya yi sabuntawa ta giga kaza ga data ta yi tsada, kafin ka gama duk wannan sha'awar ta tafi ka ɗauki waya ka kwanta abinka.

Zee Kaduna:
To ni bari in tsaya wa abin tunda kowa ya taso masa. Anti Maman Sultan ki yi haƙuri amma ni ya yi min rana. Ina amfani da na ƙanin mijina kusan kullum bayan asuba, minti talatin ina Beat Saber wato wanda kake saran akwatuna da takubba biyu suna taho maka, wallahi sai na jiƙe sharkaf. Ku maza kuna da filin ƙwallo kuna da wajen motsa jiki kuna iya fita gudu a titi ba mai kallon ku, ni fa? In na fita gudu a unguwarmu kafin in dawo labari ya riga ni gida. Wannan na rufe ɗaki na yi abina ba wanda ya sani. Abin da kuke kira aibinsa, wai yana raba mutum da jama'a, ni shi nake nema na rabin awa.

Maman Sultan:
Ƙanwata ai ke babba ce kin san lokacin cirewa. Kuma kin faɗa da bakinki, rabin awa. Su kuwa cewa suka yi a ciki za mu wuni.

Zee Kaduna:
Wannan kam gaskiya ne, bayan minti arba'in goshi na ciwo yake, ga shatin abin a fuska kamar an ɗaura min takunkumi.

Dokta Mus'ab:
Bari in sa baki a kan aman da yarinyar Hajiya ta yi don mutane da yawa suna ɗauka ko wani abu ne ya shafe su. A cikin kunne can ciki akwai wasu 'yan bututu masu ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi ko yana tsaye. To in ka sa gilashin ido yana cewa gudu muke a mota ko muna faɗowa daga bene, kunne kuma yana cewa ƙarya ne a zaune muke, wannan saɓanin ne ke kawo jiri da tashin zuciya da zufa mai sanyi. Irin na mai karatu a cikin mota ne amma a juye. Shi ya sa wasan Zee bai cika damun mutane ba, tsaye take waje ɗaya abubuwa ne ke zuwa mata. Na biyu, tazarar da ke tsakanin idanu ta bambanta daga mutum zuwa mutum, Quest 2 matakai uku kawai gare shi, milimita 58 da 63 da 68, in ba a saita daidai ba sai ciwon kai, yara kuma fuskarsu ƙarama ce. Da ma can shekara 13 aka sa a matsayin mafi ƙaranci, a 2023 Meta ya sauko da shi zuwa 10 da sa idon iyaye. Sannan nauyi, rabin kilo ne fa rataye a gaban fuska, wuya ba don haka aka yi shi ba. Shawarata in ka fara jin jiri ka cire nan take, kada ka ce za ka daure, daurewa ƙara shi take.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum mutanen Najeriya, ina bin ku tun ɗazu. Ni ban da ilimin da Injiniya ke da shi amma ni abin nan ciyar da ni yake. Guda biyu gare ni, na hannu na saya, da salla ƙarama da babba da lokacin hutun 'yan makaranta nake kafa rumfa, dala hamsin minti biyar, yara da manya har da tsofaffi. Wanda duk ya sa sai ya yi ihu, abokansa na gefe suna dariya, su dariyar ma suke biya wa kuɗi in ka lura. Amma ban taɓa ganin wanda ya cire ya ce min ina ake sayarwa zan saya in kai gida ba, ko ɗaya. Kamar lilo ne, kowa na son hawa ba mai son ya kafa shi a ɗakinsa.

Sadiq Gem:
Dala hamsin minti biyar?? Malam ai ka fi Zuckerberg samu 😳

Ɗan Damagaram:
Hahaha ba dalar Amurka ba ɗan uwa, dalarmu ta sefa, dala ɗaya tamma biyar ke nan, hamsin kuwa 250. In rana ta yi kyau dai ana haɗa 'yan jikkuna. Wahalar ita ce zafi da ƙura, batir awa biyu ya ƙare, soson fuskar ya jiƙe da zufar mutane sai ka yi ta gogewa, kuma ina gargaɗin duk mai shi kada ya bar rana ta haska cikin madubin, yaron shagona ya ajiye ɗaya a kan benci fuskarsa na kallon sama, kafin mu ankara allon ciki ya ƙone ya yi tabo, yadda yara ke ƙona takarda da gilashi haka yake.

Injiniya Bash:
Sadiq maganarka da wasa ka yi amma akwai ƙamshin gaskiya, don shi Ɗan Damagaram riba yake ci, sashen Reality Labs na Meta mai ƙera gilasan nan kuwa asara yake tafkawa kuma su da kansu suke bugawa a rahotonsu. 2021 dala biliyan 10.2, 2022 biliyan 13.7, 2023 biliyan 16.1, 2024 biliyan 17.7. Ku tara, ya haura biliyan 57 a shekara huɗu. Ba duka a kan Quest aka kashe ba, da yawa bincike ne na gilashin gaba, amma dai. Wasu kamfanonin ma sun yar da nasu VR ɗin, Google ya rufe Daydream a 2019, Samsung ya bar Gear VR, Microsoft ya sanar da yin watsi da Windows Mixed Reality a ƙarshen 2023. Shi kansa Luckey ya bar Facebook tun 2017 ya koma ƙera kayan yaƙi a Anduril, John Carmack ma, gwanin haɗa gem da ake ji da shi, ya bar Meta a Disamba 2022.

Sadiq Gem:
Ni dai har yanzu ina ganin matsalar kuɗi ce da rashin gem masu kyau. Wanda ya buga Half-Life: Alyx ba zai ce VR shirme ba ne, kana miƙa hannu kana buɗe durowa kana ɗaukar harsashi da hannunka, ba abin da ya kai shi. Amma tun 2020 ya fito, irinsa nawa aka ƙara yi? Kamfanoni ba za su zuba kuɗi a gem ba sai akwai masu gilashi da yawa, mutane ba za su sayi gilashi ba sai akwai gem. Sai Sony ya zo ya sa sabon gilashinsa PSVR2 a dala 550 a 2023, ya fi PS5 ɗin kansa tsada, wa zai saya? A sauke farashi a gani.

Malam Tanimu:
Ɗana, an sauke ai. Cardboard na Google kwali ne da ake saka waya a ciki a kalla, kusan kyauta aka dinga rabawa tun 2014, ina suke? An yi na dala 199, an yi na 299. Sannan Apple ya gwada ta ɗaya gefen, Vision Pro dala 3,499 a Fabrairu 2024, mai kyan da ba a taɓa yi ba in ji waɗanda suka sa, shi ma sati nawa aka yi ana ɗaukar bidiyo da shi a titi aka yi shiru. An gwada mai araha an ajiye, an gwada mai tsada an ajiye. Kuma Abban Hanifa kyauta ma ya samu nasa. Waya ba a roƙi kowa ba, mai shayi da mai faci da tsohuwa a ƙauye kowa ya nema da kuɗinsa, fiye da biliyan ɗaya ake sayarwa duk shekara, saboda tana shiga aljihu kuma tana shiga cikin hira, ka miƙa wa na kusa da kai ka ce kalli nan. Mu mutanen majalisa ne, abin da ba za a kalla tare ba da wuya ya zauna.

Ummu Khalil:
Malam ni tambayata daban ce, kwanaki na ga ana yawo da wani bidiyo wai yanzu ana iya aikin Hajji da gilashin nan, gaskiya ne?

Malam Tanimu:
A'a Malama, an juya maganar ne. A Disamba 2021 hukumar da ke kula da Masallatai Biyu masu alfarma ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta VR, Sheikh Sudais ne ma ya buɗe shi, don kallo da ilimi. Sai mutane suka yi ta yaɗa cewa an kawo Hajjin intanet, har hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta fito a farkon 2022 ta ce wannan ziyarar kallo ce ba Hajji ba, sai ƙafa ta taka wurin. Amma kin ga a nan ni da nake sukar abin zan ce yana da amfani, a bita ta maniyyata. Tsohon da bai taɓa fita daga ƙaramar hukumarsa ba a sa masa minti goma ya ga inda ɗawafi ke farawa, ya ga Safa da Marwa, ya ga yadda Jamrat take hawa-hawa, ya fi a zana masa a allo sau ɗari.

Dokta Mus'ab:
To ai Malam ka dawo kan hanyar da abin ya fi tafiya ke nan, koyarwa. Kamfanin manyan kantuna na Walmart a Amurka ya sayi gilashin Oculus Go dubu 17 a 2018 don horar da ma'aikata, ana amfani da shi wajen koya wa ɗalibai tiyata da kuma rage wa masu tsoron tsayi tsoronsu a hankali. Ko a nan gida, Joel Kachi Benson ya yi fim ɗin VR a kan iyayen 'yan matan Chibok har ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 2019. Duk waɗannan ka duba, a sa na ɗan lokaci don wata buƙata a cire a miƙa wa na gaba ne. Ba wanda ya koma ciki da zama.

Injiniya Bash:
Su ma kamfanonin kamar sun fara ganewa. Quest 3 na 2023 abin da suka fi tallatawa shi ne kana ganin ɗakinka da kala ta kyamara yayin da kake ciki, Apple kuwa har allo ya sa a waje mai nuna idanunka don na kusa da kai kada ya ji ka ɓace, wato maganar Maman Sultan ce suka kashe biliyoyi kafin su gano. Kuma abin da ke tafiya yanzu shi ne tabarau ɗin Ray-Ban Meta, wanda na farkonsa ko allo babu, kyamara ce da lasifika kawai, kamfanin da ke ƙera shi ya ce an sayar da miliyan 2 zuwa farkon 2025. Na rufe ido kam ina ganin zai tsaya wajen 'yan gem da masu motsa jiki irin su Zee da wuraren horo, ba zai mutu ba amma ba zai gaji waya ba.

Sadiq Gem:
Ni ban sallama ba tukuna, a bari ya koma nauyin tabarau na karatu sannan mu sake wannan hirar.

Malam Tanimu:
Allah ya kai mu, in da rai. Tun 1995 nake jin wannan.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Na jona shi a caji tun da aka kawo wuta, ya kama, sai dai hannun dama ba ya amsawa, ina jin batirin ciki ne ya zube.

Ɗan Damagaram:
Alhaji kada ka taɓa shi da hannu, ka kankare wurin da ɗan tsinke ka sa sabon batir zai tashi. Madubin ba tabo? In ba tabo ka yi min kuɗi, akwai direban da ke zuwa Kano duk Laraba.

Zee Kaduna:
Haba Malam, ni fa na fara tambaya tun sama, a duba a gani 😩

Abban Hanifa:
Ku dakata in tambayi Yaya tukuna, kada ya zo hutu ya ce ina kayansa.